Tsaga Biyu a Kunnen Hagu

Ranar awon nono, farkon watan Mayu, duk ƙauyenmu yakan hau dutse. Kowa ya tatsi tumakinsa a gaban kowa, babban makiyayi ya tsoma sanda a bokitin katako, ya yi tsaga daidai inda nonon ya tsaya, ya raba sandar biyu, rabi naka rabi nasa. Iya tsagarka iya cukun da za ka riƙa karɓa har tumaki su sauko da kaka.

A shekarar da nake ba da labari, Todosia ta tatsi tumaki ashirin da uku da hannunta. Ɗanta Nistor ne yake kamo mata su ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowace da sunan da ya raɗa mata: Mai Kwalli, Malalaciya, Sarauniya, Ɓarauniyar Gishiri. Da ta gama sai ta ɗauki bokitinta ta juye a na yayanta Gavrila. Aka yi tsaga a sandar Gavrila, aka tafa masa, aka ce bana ma shi ne na ɗaya. Todosia ta goge hannu a zaninta ta tafa tare da mutane.

Duk wanda ya tafa ya san tumakin nan na wane ne. Todosia tana karɓar tallafin marasa ƙarfi, ni kuma nake kai mata, domin ni ce Saveta mai raba wasiƙu da kuɗin fansho, shekara ashirin da takwas ina yawo da jakar nan har kafaɗata ɗaya ta karkace. Sharaɗin tallafin shi ne kada ka mallaki komai. Kuɗi a banki in ya wuce abin da suka yanka, sai a cire ka. Dabbobi in sun wuce 'yan ƙalilan, sai a cire ka. Sau biyu a shekara mutanen ofis suna zuwa da takarda, su leƙa garke, su ƙirga kaji, su tafi.

Nistor kuwa shekararsa ashirin da bakwai, jikin ƙato, hankalin ɗan shekara shida. Bai iya ɗaure igiyar takalmi ba. In ka ba shi burodi ka ce ya jira, zai riƙe shi har yamma bai gutsura ba. Ubansa ya daɗe da mutuwa, uwarsa ta ba sittin baya, kuma abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: wa zai riƙe shi in ƙasa ta rufe idonta. Irinsa in ba shi da mai riƙo, gidan gwamnati ake kai shi can birni, inda tagogi suke da ƙarfe, ake yi wa mutum aski tas ranar da ya shiga.

Ni na kawo shawarar tumakin, ba zan ɓoye ba. Shekara tara kafin nan, a teburin ɗakin girkinta, na ce tunda banki yana da baki, ta zuba abin da take tarawa a garken yayanta. Gavrila ya ɗora hannu a kan gicciye, ya ce, "Ranar da ba kya nan, yaron nan ɗana ne. Ɗakin baya nasa ne, tumakinsa su ci da shi." Muka sha giyar gida ƙaramin kofi ɗai-ɗai, ni ce shaida. Aka maƙala wa tunkiyar farko lambar roba mai ruwan ɗorawa a kunnen dama, lambar garken Gavrila. A kunnen hagu kuma Todosia ta yi tsaga biyu da almakashin ɗinkinta.

Tun daga ranar, kowace kaka sai ta sayi 'yar tunkiya ɗaya ko biyu. Ta tsinci naman kaza a daji ta sayar a bakin titi, ta saƙa safa, ta hura wuta a ɗaki ɗaya duk tsananin sanyi, ta ci tuwon masara gaya ta bar wa Nistor cuku. Sauran kuma haihuwa ta kawo su.

Abin ya fara ne daga cuku. A watan Yuli na kai wa Gavrila wasiƙa, na tarar da Todosia tsaye a ƙofar gidansa, ba a ma ce ta shigo ba.

"Yaya, ƙulli biyu aka kawo mini," ta ce. "Bara war haka shida na samu."

"Bara ciyawa ba ta yi tsadar bana ba," in ji Gavrila. "Kin taɓa tambayar me suka ci duk sanyin nan? Kin san kuɗin allura? Kin san kuɗin makiyayi? Ke dai ki zo ki tatsa sau ɗaya a shekara, ki koma gida kina lissafi."

"Ai na ɗauka 'yan raguna da kake sayarwa ne suke biyan wannan."

"To ba sa biya. Kuma kyarkeci ya ɗauki uku a makon jiya."

"Na wa?"

"Naki."

Bakina ba ya shiru, shi ne ciwona. Na ce, "Kyarkecin dutsen nan ɗan boko ne, Gavrila. Bara ma sai da ya duba kunne kafin ya kama."

Matarsa Palaga ta leƙo ta taga, hannunta duk gari. "Saveta, kawo wasiƙa aka ce ki yi, ba a ce ki karanta mana ba."

Wasiƙar da ke hannuna kuwa ta tallafin makiyaya ce, wanda ake biya a kan kowace tunkiya mai lamba. Wato gwamnati tana biyan Gavrila don yana da tumaki, tana biyan Todosia don ba ta da su, kuma duk jakata ɗaya ce take kawowa. Gavrila ya sa hannu, ya ninke ta ya cusa a aljihu. Todosia ta ce a gaida yara, ta juya.

A watan Agusta ta fara amai. Ta je asibitin birni sau biyu, a na biyun ta dawo da takarda da ba ta nuna wa kowa ba sai ni. Ciwon daji ne a ciki, ya riga ya yi nisa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ranar Lahadi bayan coci ki raka ni gidan Yaya. Ke ce shaida."

A sabon gida suka karɓe mu. Ɗansu Danila yana aikin gini a Faransa, yana ta turo kuɗi ana ɗaga masa bene mai hawa uku, domin maƙwabcinsu ya yi mai hawa biyu. Ba mai kwana a ciki. Gavrila da Palaga suna can baya a tsohon ɗakin katako, sai an yi baƙi ake buɗe falon, a zauna a kujerun da ba a cire musu leda ba. Da muka wuce ta wajen ɗakin bayan nan da aka yi wa Nistor alkawari, na leƙa. Cike yake da buhunan siminti da kwalayen tayil har rufi.

"Yaya, ba ni da tsawon kwana," in ji Todosia. "Mu je wurin lauya mu rubuta. Tumaki kaza na Nistor ne, kai ne mai riƙonsa. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Gavrila ya sha kunu. "Rubutu? Tsakanina da ke? Ciki ɗaya muka fito, Todosia. Yau ni kike nema wa takarda kamar wani ɗan kasuwa?"

"Ba don kai ba ne. Don hankalina ya kwanta."

"To bari in gaya miki abin da takarda za ta yi. Ranar da aka buga mata hatimi, ranar za ta isa ofis. Shekara tara kina sa hannu cewa ba ki da komai. Za su ce ki dawo da kowane lei na kuɗin tallafin da kika karɓa, in ba ki da shi su ɗauki gidan. Ni rufa miki asiri nake yi, ba ki gani ba?"

"Kuma ai ba mu ce ba za mu riƙe shi ba," Palaga ta sa baki, tana tura mana farantin biskit. "Ki warke tukuna. Likitoci ba Allah ba ne. Sai dai ki sani, jikokina in sun zo hutu tsoronsa suke ji. Kuma na ji har yanzu yana jiƙa shimfiɗa."

"Sau ɗaya a wata ne, in ya tsorata."

"To kin gani."

Na ce, "Gavrila, a gabana ka ɗora hannu a gicciye."

"Na ɗora. Na ce miki na sauke ne?" Ya miƙe ya shiga gyara labule. Muka fito, Palaga ta bi mu da biskit uku a takarda, wai a kai wa yaro.

Tumaki suka sauko daga dutse a watan Oktoba. Wata Talata da hantsi ina zagayena na ga babbar motar 'yan kasuwar dabbobi a bayan gidan Gavrila, an jingina mata katako. Masu motar suna ta turawa, tumaki sun ƙi hawa, sun cure a lungu. Da na matsa na ga duk masu tsaga biyu ne aka ware.

Gavrila ya aika aka kira Nistor. Ya zo da gudu, takalminsa a kwance.

"Ɗana, zo ka taimaki Kawu. Sanyi ya kusa, za a kai su wani gari mai ɗumi, su ci ciyawa su dawo. Amma sun ƙi jin maganar kowa sai taka."

Nistor ya yi dariya don an yabe shi. Ya hau motar, ya tsuguna a can ciki, ya miƙa hannu kamar mai riƙe da gishiri. "Sarauniya, zo. Malalaciya, ke ma zo, kullum ke ce ta baya." Suka bi muryarsa ɗaya bayan ɗaya, ko gardama babu. Goma sha bakwai na ƙirga. Direban ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, ya ba shi cakulan.

Ina tsaye jaka a kafaɗa ina kallo. Na gaya wa kaina cewa Todosia zan je in kira, amma ƙafata ba ta motsa ba sai da aka rufe ƙofar motar.

Wata maƙwabciya ce ta kira ta. Tafiyar minti biyar ta ɗauke ta kusan rabin awa, tana dafa shinge. Ta iso mota ta riga ta sha kwana. Tsofaffi uku ne suka rage a garke, waɗanda suka kusa daina haihuwa, 'yan kasuwa suka ce ko kyauta ba sa so. Mai Kwalli tana cikinsu, ita ce tunkiyar farko.

"Yaya, me ka yi?"

"Aro ne. Ƙanƙara ta kusa zuba, gidan Danila ba rufi. So kike katako ya ruɓe? So kike a ce a layin nan gidanmu ne kaɗai ba kwano? Da bazara zai turo kuɗi, in sayo miki waɗanda suka fi su."

"Ba zan kai bazara ba."

"Kin ji irin maganar da take sa ciwo ya ci mutum. Ki riƙa faɗin alheri."

Nistor ya zo ya kama hannunta, bakinsa duk cakulan. "Mama, sun tafi gari mai ɗumi. Ni na hau da su, ni kaɗai."

Ta dube shi, ta gyara masa wuyan riga. Ta ce, "Ka yi ƙoƙari."

Kwana biyu bayan haka ta tare ni a hanya ta ce mu je ofis. Na ce ta yi tunani. Ta ce ta gama tunani: za ta faɗi gaskiya, su yanke tallafin, su ɗaure ta in suna so, amma a tilasta wa Gavrila ya biya, a ajiye kuɗin da sunan Nistor, ko wata bazawara a ƙauye ta karɓe shi a kan wannan.

Ma'aikaciyar da ke kula da ƙauyenmu wata yarinya ce, Otilia, ba ta da mugun hali. Todosia ta fara magana, yarinyar ta ajiye biro ta tashi ta rufe ƙofa.

"Inna, tsaya. Abin da kika faɗa yanzu ban ji ba. In na ji, dole in rubuta. In na rubuta, watan gobe ba tallafi, kuma za a bi ki bashin shekara tara."

"Na yarda, 'yata. Rubuta."

"Ko na rubuta, tumakin ba za su zama naki ba. Lambar da ke kunnensu tasa ce, rajista tasa ce. Tsagar almakashi ba hujja ba ce a kotu. Kina da takarda?"

"Babu."

"Kina da shaida? Wanda yake wurin, zai tsaya gaban alƙali ya rantse?"

Todosia ta juyo ta dube ni.

Otilia ma ta dube ni, kuma a hankali ta yi maganar, kamar mai yi mini gata. "Gwaggo Saveta, ke ma'aikaciyar gwamnati ce. In kin san da wannan, kika ci gaba da miƙa mata kuɗi wata-wata shekara tara, kin san abin da ake kiran wannan. Shekara nawa ya rage miki ki yi ritaya?"

Biyu suka rage. Gwiwoyina sun gama aiki, mijina yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, fanshon nan shi ne kawai abin da nake hange. Duk wannan gaskiya ne, kuma na sha maimaita wa kaina shi. Amma abin da ya fito daga bakina ranar ba shi da wani suna sai cin amana.

Na ce, "An daɗe. Na tuna mun sha giya a gidanta, amma ban riƙe abin da aka ce ba."

Todosia ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ɗaura gyalenta, ta ce wa Otilia ta gode, ta fita tana dafa bango. Na bi ta a baya har gida, tazarar taku goma, ba ta waiwayo ba.

Daga nan ba ta ƙara yi mini magana ba, sai dai in miƙa takarda ta sa hannu. Amma ina gani. Na tarar tana koya wa Nistor hura wuta, ya ƙona hannun rigarsa. Na tarar tana koya masa soya ƙwai, ya fasa shida a ƙasa yana dariya. Igiyar takalmi kuwa sun yi wata guda a kanta, ƙarshe ta cire igiyar ta ɗinka masa roba. Kullum da safe yakan je garken kawunsa ya ba tsofaffin ukun gishiri, ya dawo ya tambaye ta yaushe sauran za su dawo. Ta ce in ƙanƙara ta narke.

Gavrila ya aiko da itacen wuta amalanke ɗaya a watan Disamba, ya tabbatar an bi da shi ta gaban coci. Palaga ta zo dubiya sau ɗaya, ta zauna da rigar sanyinta ba ta cire ba, ta tambaya ko takardun gidan suna wuri mai kyau.

Bayan Kirsimeti na shiga na same ta a gado, ta rame har zobenta ya koma babban yatsa, rigunan Nistor jibge a cinyarta. Tana ɗinka sunansa da jan zare a wuyan kowace riga, da wando, har safa. Ta ji an ce a gidan gwamnati kaya cakuɗewa suke yi a wurin wanki. Na gane ta riga ta san inda zai ƙare. Na ce ta kawo in taya ta. Ta ja rigar zuwa ƙirjinta, ta ci gaba da ɗinkinta.

Ƙarshen watan Janairu na je da kuɗin wata, da hantsi. Ba hayaƙi a bututun gidan. Nistor yana zaune a bakin gado da burodi a hannu.

"Gwaggo Saveta, Mama ta ce in jira ta tashi mu ci tare."

Jikinta ya riga ya sandare. Na karɓi burodin na gutsura masa, na ce ta ce ya ci. Kuɗin kuwa na mayar ofis, domin matacce ba ya sa hannu.

Gavrila ya yi wa ƙanwarsa jana'izar da ba a taɓa yi wa talaka ba a ƙauyenmu. Fada biyu, wato limaman coci, ga akwati mai sheƙi. Sadakar abinci a falon sabon gida aka yi, an cire wa kujeru leda, an jera tebura har waje ƙarƙashin sabon kwano. Kabeji naɗe da nama, farfesu, burodin sadaka, giya kamar ruwa. Mutane suna ci suna cewa samun ɗan'uwa irin Gavrila sai an tona. Ni ma na zauna, na ɗauki cokali.

An kai tsakiyar ci sai ga Nistor ya shigo daga baya, sanye da baƙar rigar da aka ara masa, ya rungumo wani abu. Ya ratsa tsakanin tebura har gaban kawunsa, inda babban Fada yake zaune, ya ajiye shi a kan farin ƙyallen tebur. Kan tunkiya ne, ƙanƙara ta daskarar da shi, baƙin zobe kewaye da idanu. An cire lambar kunnen dama. Tsaga biyun na hagu suna nan.

"Kawu, na je ba su gishiri ban gan su ba. Na ga kan Mai Kwalli a bayan garke. Ina sauran jikinta?"

Cokula suka tsaya. Ba wanda bai san tsagar nan ba, kuma ba wanda bai san abin da yake taunawa ba. Fada ya dubi farantinsa.

Gavrila ya share baki. "Ta tsufa, ɗana. Ta bi mamarka ta taya ta zama." Ya juya ga mutane ya buɗe hannu. "Kun dai gani. Haka muke fama. Ku ci abinci, Allah ya ji ƙanta."

Palaga ta zo da tawul ta naɗe kan ta fita da shi, wata ta ja Nistor waje. Wani tsoho ya ce amin, ya miƙa hannu ya ƙara farfesu. Cokula suka ci gaba da ƙara. Ni na ajiye nawa, kuma kada wani ya ɗauka wannan wani abin kirki ne, na riga na cinye rabin farantin.

Kwana tara Nistor ya yi a tsohon ɗakin katako, a kan benci kusa da murhu. Ya jiƙa shimfiɗa sau huɗu. A rana ta goma mota ta zo daga birni, da Otilia da wani mutum mai farar riga. Na zo wucewa da jakata aka kira ni ciki, wai ana bukatar mutum na biyu.

Otilia tana karanta tambayoyi tana cikewa, ba ta ɗaga kai ba. Akwai ɗan'uwan da zai iya riƙonsa? Gavrila ya ce shi da matarsa sun tsufa, ga hawan jini, ga ɗaki babu. Gidan uwar fa? Gavrila ya ce ai filin na mahaifinsu ne, ba a taɓa raba gado ba, zai kula da shi kada ya lalace.

"Yana da wata dukiya? Kuɗi a banki, gona, dabbobi? In yana da ita, daga ciki za a riƙa biyan wani abu. In babu, gwamnati ta ɗauka."

"Ba shi da ko kaza," in ji Gavrila. "Ai ku ne shaida. Shekara tara kuna zuwa kuna dubawa."

Nistor yana zaune da jakar kayansa a cinya, jan zaren yana leƙowa daga wuyan rigarsa. An gaya masa gari mai ɗumi za a kai shi, inda tumakinsa suke, saboda haka tun safe ya shirya. Ya cika aljihunsa biyu da gishiri.

Otilia ta juyo da takardar wajena, ta nuna layin ƙasa da bakin biro. An rubuta: shaida, mazaunin ƙauyen da ya san iyalin, yana tabbatar da cewa abin da ke sama gaskiya ne.

Na karanta shi sau biyu ina neman inda ƙarya take, ban samu ba. Shekara tara Todosia tana rantse wa gwamnati cewa ɗanta ba shi da komai, tana hana cikinta don kada hakan ya tabbata. Yayanta ya mayar da maganar gaskiya a cikin wata huɗu, doka tana tsare masa ƙofa, ƙauye guda yana tafa masa. Ta nemi shaidata tana da rai na ce na manta. Yanzu da ake neman shaidar cewa ba abin da ya rage, ba a ma sha wahalar nemana ba.

"Gwaggo Saveta, yi sauri," in ji Nistor. "Suna jirana."

Na sa hannu.